Shanun Bube a Kan Titi

A tashar Tambuwal, shekarar samun mulkin kai, na ji wani baƙo yana tambayar tsoho mai goro.

"Baba, mi nig gani da safe? Motocin gyaɗa tsaye cik, shanu sun tare titi!"

"Na Bube makiyayi na. Kullum shina jera su sahu biyu, ɗiyan makaranta su ƙetare ta tsakiya."

"Ikon Allah! Kuma direbobi na tsayawa?"

"Dole, ɗana. Yaro ba shi lotsa mota, bijimi kuwa shina lotsawa."

"Hukumar En'e tas sa shi?"

"Ba wanda yas sa shi."

"To, ɗanai na cikin yaran ke nan."

Tsoho ya yayyafa wa goronsa ruwa.

"Bara shina ciki. Daidai inda shanun ka tsayawa mota tat take shi."