Manhajar da ke Fasa Kwalba

A bencin shagon gyaran kwamfuta, wata malamar kwaleji na jira a gama mata aiki, tana ta jujjuya takardu biyu. Wani dattijo da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"'Yata, takardun nan sun hana ki sakat."

"Wallahi, Baba. Manhajar kemistiri zan zaɓa wa ɗalibaina cikin biyun nan, gobe ake son amsa. Ɗakin gwajinmu kwalabe ne kawai babu sinadarai, dole a kwamfuta za su koya."

"To, mene ne bambancinsu?"

"Wannan, in ɗalibi zai yi kuskure sai ta hana shi, ta nuna masa daidai. Waccan kuwa zuba masa ido take yi, kwalba ta fashe a allo, ya koma farko. Ni ta farkon ta fi kwanta mini, ba ta ɓata lokaci."

"In ya zuba ruwa a cikin asid fa?"

Ta ɗago ta dube shi da kyau. "Ai ta farkon ba za ta bari ba. Baba, ashe ɗan hannu ne?"

"Shekara talatin ina kula da ɗakin gwaji. Ni nake haɗa wa yara komai don kada kowa ya ƙone, har yabona ake yi. Wata ɗalibarmu ta samu aiki a masana'antar batir. Satinta biyu ta zuba ruwa a cikin asid. Ido ɗaya ya tafi."

"Subhanallahi! Ai ba laifinka ba ne."

"Haka ita ma ta ce."

Mai gyara ya kira malamar, amma ta kasa tashi.

"Ɗauki mai fashewar, 'yata. Kwalbar allo ba ta makantar da kowa."