'Yan Jar Ƙofa da 'Yan Koriyar Ƙofa

Mai girma shugaban taro, malamai abokan aikina, iyaye mata da kuka cika sahun gaba, iyaye maza da kuka maƙale a baya don saurin sulalewa, assalamu alaikum. Ina godiya da kuka amsa kiran shugabar makarantar 'ya'yanku.

Da farko, ga yadda aka yi. Aji huɗu ya cika maƙil, muka raba shi biyu. Mai fenti ya shafa wa ƙofa ɗaya ja, ɗaya kore, don su ne suka rage masa. Kafin fenti ya bushe, 'yan jar ƙofa sun gano cewa 'yan koriya ɓarayin fensir ne, 'yan koriya kuma sun tabbatar 'yan ja ba sa wanka.

Akwai tagwaye da rabon ya raba. Mahaifiyarsu ta same ni a ofis, ta ce, "Malama, kwano ɗaya suke ci, yanzu sun ja layi a tsakiyar abincin."

Na kira ƙaramin, na ce, "Me ɗan'uwanka ya yi maka?"

Ya ce, "Ba komai, amma irinsu ba su da amana."

Na biyu, na yi nasiha, ba ta shiga ba. Na haɗa 'yan ja da 'yan koriya ƙwallo, aka tashi da fasasshen leɓe. Na fusata, na rage wa ajujuwan biyu lokacin fita wasa. Washegari aka kaɗa ƙararrawar komawa aji, shiru! An cusa mata safa. Ƙararrawar nan a sama take, yaro ba ya kai mata sai ya taka kafaɗar wani. Na tara su, na ce, "Wa ya yi?"

Ja da kore suka haɗa baki: "Mu ba mu sani ba, Malama."

Ranar na fara jin sun ce "mu". Yanzu ni ce abokiyar gabarsu, kuma na karɓi muƙamin hannu bibbiyu.

Saura ku, iyaye. Yara sun shirya, ku kuna nan kuna jifan juna ta waya. Baban da ya rubuta cewa a raba ɗansa da 'yan koriya, ranka ya daɗe, a kafaɗar ɗan koriya ɗanka ya tsaya, mai gadi ya gan su. Kwatar bayan makaranta ta toshe, ranar Asabar kowa ya zo da shebur. In sai kun ji haushina za ku haɗa kai, bismillah.

Allah Ya shirya mana yara, Ya shirya iyayensu, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.