Ƙwan Fitilar Inji

A gareji, wani dattijo na tsaye yana murza hularsa, makanike na cikin tsohuwar a-kori-kura.

"Baba, irin wannan motar, waya nake haɗawa, fitilar inji ta yi ta ƙiftawa, in ƙirga, in gane ciwonta."

"To, ƙirga mana."

"Me zan ƙirga? An zare ƙwan fitilar don kada mai saye ya gane. Wanda ya sayar maka ba ya tsoron Allah."

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Ba saya na yi ba. Ni na sayar wa ƙanina. Jiya ta mace masa a hanya da iyalinsa."

Makanike ya ɗago ya dube shi, dattijon ya ci gaba:

"Shi ya ce, 'Yaya, kai ka kai ta gyara. Kai ba za ka bari a cuce ni ba.'"