Lambar Direba

A tashar Safana, wata dattijuwa ta ji wani magidanci daga Tsaskiya yana karɓar lambar direba.

"Ɗan nan, lambar ta mece ce?"

"Maiɗakina ta shiga watanta, Inna. Da naƙuda ta tashi sai in kira, a kai ta asibiti."

"Kai, sannu da dabara! Haihuwar fari ce?"

"Ta fari."

"To wa zai gaya maka ta tashi? Ita, da bakinta? Ɗiyata Safiyatu kwana biyu ta yi tana naƙuda, kunya ta sa tana cewa ba komai."

"Yanzu tana ina?"

"Inda lamba ba ta shiga."

"Allah ya jiƙanta. Direba, bar lambar nan. Tashi mu ɗauko maiɗakina yau."