Kyandirin Toader

A tashar motar garin Orhei, lokacin matsar inabi, wani mutum da sigari a baki ya matso kusa da wata dattijuwa.

"Inna, ko akwai ashana?"

"Bari in duba. Kwat ɗin maigidana Toader ce na saɓo, sanyi ya yi yawa. Ga ta. Kai, har da guntun kyandir."

"Kyandir? Ashe ku ma a gida kuke haɗa giyarku."

"Da fa? Toader ba ya shan ta kamfani. Ya ce tasu an ɗura mata magani, tasa kuwa rai gare ta. Kullum da rana sai ya sauka ɗakin ƙasa, ya kara kunne a jikin ganga ya ji tana kumfa."

"Yanzu haka tana kumfa?"

"Kamar tukunya a murhu."

"Inna, ba da kyandirin nan yake gwada iskar ɗakin ba, in wutar ta mutu ya fito? Giya mai kumfa numfashinta kisa yake yi. Ƙanena fitilar hannu ya riƙa ya sauka, ita kuwa ba ta mutuwa balle ta gargaɗi mutum. A kan matakala muka tsince shi."

"Rufe mini baki! Ni za ka koya wa? Ba zai sauka babu wuta ba."

"Kin tabbata?"

Ta dubi kyandirin da ke hannunta.

"Wannan mai taurin kan? Ara mini wayarka, ɗana, maza!"

Ta danna lambar Toader. Sai wayarsa ta fara ƙara a ɗaya aljihun kwat ɗin.