Bisimillar Alhaji Modu a Cikin Kwamfuta

Rediyona na sayar na yi kuɗin motar Yerwa. Ku daina dariya, yara, lokacin ina da gashi, 'yan Gamboru har leƙowa suke su ga Bakano mai gyaran kwamfuta.

A shagon Alhaji Modu dillalin dabbobi na sauka, shi ne ubangida, shi ne mai ɗakin da nake kwana. Wani ya taɓa haɗa masa fom na imel, shi "yimel" yake cewa: mai saye daga Kudu ya cike irin ragon da yake so, ya danna, saƙo ya iso. Ana saura kwanaki Babbar Sallah, fom ya ƙi. A danna, shiru. Raguna na cin dusa, ba mai saye.

Alhaji ya ce in ban tashe shi kafin Juma'a ba, in nemi wani ɗakin. Na ce ai ni injin da ya gan ni ma gyaruwa yake don kunya.

Na duba waya, na duba izinin da ake ba fom, duk lafiya lau. Sai na buɗe rubutun umarnin da ke bayansa. Me zan gani a layin farko? Bisimilla, da addu'ar neman kasuwa. Ashe Alhaji ya sa an buɗe masa ya gani, ya ce aiki ba ya farawa haka gatsau, ya rubuta da hannunsa. Kwamfuta kuwa ta ɗauka umarni ne, ta rasa gane shi, ta tsaya cak.

Na ce sai an cire layin nan.

"Kai Bakano, bisimillar za ka goge? A shagona?"

To, wa zai goge? Sai na sa wata 'yar alama a farkon layin, wadda ke gaya wa inji ya wuce ba tare da ya aiwatar ba. Rubutu na nan, fom ya tashi, saƙonni suka yi ta shigowa.

Alhaji ya tambaya ko kwamfutar tana karanta bisimillar dai. Na ce, "Ranka ya daɗe, kamar sallar Azahar, a ɓoye."

Da ragon tukuici na dawo Kano, wuyansa kamar turmi. Amma ku ji zalunci: har yau in an tambaye shi wa ya gyara, addu'arsa yake cewa. Ni ko sunana.