Lambobin Saje Jalo Ba na Gwanjo Ba Ne

Jawabin Kofur Badamasi Sabon Birni, mai ritaya, a taron tunawa da marigayi Saje Jalo, a ƙofar gidansa da ke Dugabau.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagacin Dugabau da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Wakilin shugaban ƙaramar hukuma, sannu da zuwa. 'Yan uwana tsoffin sojoji na Kabo da Gwarzo, ragowar da mutuwa ba ta gama ɗiba ba, sannunku da ƙoƙari. Inna Saudatu, matar marigayi, da ke jin mu daga cikin gida, da babbar 'yarsa Sa'ada da ƙannenta, da sauran jama'a, assalamu alaikum.

An ce in yi magana a madadinmu duka, an kuma ja mini kunne in yi ta da sanyi. Zan gwada. Amma waɗanda suka zaɓe ni sun san halina, kuma sun san raina a ɓace yake.

Jalo ya kasance mutum mai ƙarancin magana, har ka zauna da shi wuni guda ka tashi da kalma biyar. Ya kasance mai raba faɗan manomi da makiyayi a wannan yanki, kowane ɓangare kuma ya tafi yana ganin nasa ne. Ya kasance idan ruwa ya cinye hanyar Kabo, shi ne na farko da zai fito da shebur, ba ya jiran a kafa kwamiti. Ya kasance mai kunya irin ta gidan da ya fito, gidan Fulanin da ba a cewa ana jin yunwa, ba a kuma yabon kai. Wannan kunyar muka so shi dominta, ita kuma aka yi amfani da ita aka ci masa mutunci.

Kun ga yadda nake jan ƙafar nan. A Laberiya na samo ta, lokacin da aka tura mu raba yaƙin mutanen can. Aka yi mana kwanton ɓauna a bakin wata gada da rana tsaka, harsashi ya fasa mini gwiwa. Aka ba da umarnin ja da baya, kowa ya ja. Jalo ya dawo. Ya saɓa ni a wuya yadda Fulani suke saɓa maraƙin da ya gaza tafiya, ina ihu yana gudu, yana ce mini, "Badamasi, yi mini shiru. Ga nauyi ga surutu." Ya dire ni, ya sake komawa ya kwaso wasu biyu. Kwamandanmu da hannunsa ya maƙala masa lambar jarumtaka a gaban bataliya, daga baya aka ƙara masa ta kammala aikin. Da idona na gani, ina kan sanda.

Da ya zo barin aiki, fayil ɗinsa na can bai biyo shi ba. Akawun da ke cika takardar sallama ya ɗago kai ya ce, "Kana da wata lambar yabo?" Ga layin mutane a bayansa suna ji. Lambobin suna cikin aljihunsa a naɗe cikin hankici. Jalo ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu wani abu."

Mu nan mun san abin da yake nufi. A tarbiyyarsa, tambayar farko a'a ake ce mata, kamar baƙon da aka miƙa wa abinci, sai mai tambaya ya nace. Jira yake a sake tambayarsa. Akawun ba ɗan nan ba ne, bai san wannan ba, ya ja layi a gurbin ya ce na gaba. Ban taɓa ganin laifin wannan akawu ba. Waɗanda suka biyo bayansa nake kuka da su.

Sau ɗaya a shekara Jalo yake saka lambobin, ranar faretin tunawa da 'yan mazan jiya a Kabo, shi ma sai na yi masa tsiya kafin ya yarda. Wata shekara aka turo wani jami'i daga birni ya tantance mu. Ya dubi takardar Jalo, ya dubi ƙirjinsa, a tsakiyar fili, ga 'yan makaranta a jere. Ya ce, "Baba, cire waɗannan. Ba sa cikin takardarka." Na naɗe wandona na nuna masa gwiwata. Ya ce shi takarda aka aiko shi dubawa, ba gwiwa ba. Jalo ya sa hannu ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya aka gama faretin da shi.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika teburan masu shayi: ashe lambobin Saje na gwanjo ne, a kasuwa ya saya. Mutumin da ake kai wa shari'ar gona ya zama abin ƙyafce. Ya daina zama a majalisa. Ya koma bin bayan gidaje idan zai je masallaci.

Ku fahimce ni, jama'a. Ba fansho Jalo yake bi ba, nasa yana zuwa. Abu ɗaya yake so, kada ya mutu ana kiransa maƙaryaci a garinsu.

Muka shiga jeka-ka-dawo. Ba zan kama sunan ofishi ba, su sun san kansu. Yau mai riƙe da fayil ya tafi kwas, gobe an canza shugaba, jibi ku kawo shaidar kwamanda, alhali kwamandan ya daɗe a kabari. Da ƙyar aka kira mu gaban wani kwamiti. Babbansu ya ce, "To Saje, faɗa mana abin da ka yi a gadar nan." Jalo ya kafa wa takalmansa ido ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki ne, duk mun yi." Na taka masa ƙafa, bai motsa ba. Suka rubuta cewa mai ƙorafi bai tabbatar da ƙorafinsa ba.

A waje na tare shi, kamar in kai masa duka. Na ce, "Jalo, ka kashe mu. Magana ɗaya fa aka ce ka yi."

Ya ce, "Badamasi, in na faɗa da bakina, me ya rage a cikinta?"

Sa'ada ce ta ƙi haƙura. Ta bi diddigi har ta nemo mutum biyun da ya kwaso bayana, ɗaya a Funtuwa ɗaya a Makurɗi, suka ba da shaida, aka sake buɗe fayil. Amma a lokacin ciwo ya riga ya kwantar da shi. Sai aka ce matarsa ta zo ta yi rantsuwa a madadinsa. Inna Saudatu, wadda ba ta taɓa taka ofishi ba, ta yafa mayafi muka tafi.

Jami'in ya ce mata, "Sunan mijinki?"

Ta ce, "Malam."

"Malam wa?"

Sa'ada ta buɗe baki za ta faɗa, ya ɗaga mata hannu ya ce, "Ba ke na tambaya ba. Ga takarda a gabana na san sunan, amma ita ce mai rantsuwa."

Iyayenmu mata da ke cikin gida, ku kuka san nauyin wannan. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan har ta yi jikoki, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta faɗa. Ya ce, "Ɗaga murya, Mama, ban ji ba." Ta sake faɗa, a gaban 'yar cikinta, a gabana, a gaban ɗaki cike da baƙi. Na sha ganin abin tausayi a bakin daga, amma ranar sai da na fita waje.

Da muka dawo Jalo bai tambayi yadda aka yi da lambobi ba. Ya kira Sa'ada ya ce, "Sun sa ta faɗa?" Ta gyaɗa kai. Ya juya fuska bango ya ce, "Da na sani da na bar musu." Bai ga Juma'ar da ta biyo baya ba.

Takardar da aka gyara ta iso bayan Inna ta fita takaba. Ga ta a hannuna, Sa'ada ta ce in nuna muku. Lambobin biyu suna ciki, da hatimi da sa hannu. Na duba gaba na duba baya, babu inda aka ce a yi haƙuri.

Wakilin shugaba, ka kai saƙon nan sama: akwai irin Jalo da yawa a ƙauyukan nan, kuma ba za su zo su yabi kansu ba. Idan kun tambayi tsoho ya ce babu, ku sake tambayarsa. Ku kuma da kuka ce na gwanjo ne, wasunku suna zaune a kan tabarmin nan, na ga kun ci abincin sadakarsa. Ba zan nuna kowa da yatsa ba. Shi ya wuce inda ba za ku same shi ba, amma matarsa tana ciki, kuma ƙofar a buɗe take.

Sa'ada, ke da ƙannenki, ku ɗaga kai a garin nan. Ubanku bai yi ƙarya ba sai sau ɗaya, ranar da ya ce babu wani abu. Inna Saudatu, mun kasa tare miki wannan kunya da aka sa ki sha, mu mazan da muka yi yaƙi tare da shi. Ki yi haƙuri, Allah ya biya ki.

Muna godiya ga Hakimi da Dagaci da malamai da kowa da ya taka ya zo. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Jalo. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka raya zuri'arsa, ka sanyaya zuciyar matarsa. Ya Allah, Kai ba ka buƙatar fayil ko shaidu. Ka san wannan bawa naka, ko an tambaye shi ba zai faɗa ba. Ka ba shi ladansa cikakke ba tare da ka sa ya buɗe baki ba.

Amin. Malam Liman, bismillah, a yi masa Fatiha.